Na sayi takardar tarihin sunan Walker a wani shago a York, ga abinda na gani

Jama'a bari in baku labarin wata kyauta da na saya, don nasan akwai 'yan uwa da yawa dake zaune a Ingila ko masu zuwa ziyara da zasu ci karo da irin shagunan nan masu buga maka tarihin sunan dangi da tambari a saka a firam, kuma duk wanda ya gani sai ya tsaya saboda abin yana da daukar ido. Ni na saya, na bayar, daga baya kuma nabi diddigin abinda aka rubuta a ciki layi layi, shi yasa nake ganin ina da bakin magana.

Makwabcina dattijo ne Bature, sunan danginsu Walker, mu dai Baba muke ce masa har ya saba yana amsawa. Tunda muka tare a layin nan a Leeds shine mutum na farko da ya kwankwasa mana kofa, in munyi tafiya shi ke fitar mana da kwandon shara ranar da mota ke zuwa, lokacin da aka kwantar da maidakina a asibiti kuwa sati biyu cur shi ya rika raka yara makaranta da sandarsa cikin sanyin nan. Toh sai ga shi zai cika shekara 80, na rasa me zan bashi, mutum ne da baya son kayan kyale-kyale, in ka bashi riga ma sai ta shekara a leda. Ana cikin haka muka je York da iyali, muna yawo cikin tsohon garin sai na hango wani dan shago bangonsa duk garkuwoyi masu launi, an rubuta a kofa wai ka shigo ka ga asalin sunanku. Nan take zuciyata tace ga kyautar Baba.

Shagon karami ne, mutum biyar in sun shiga an cika. Akwai wani katon fayil a kan tebur da sunaye jere daga A har Z, sai kwamfuta da firinta a bayan kanta. Yaron da ke wajen yana da fara'a gaskiya, bai matsa min ba, na fada masa sunan ya danna ya juyo min da fuskar kwamfutar yace ga shi akwai. Ya tambaye ni takarda kawai nake so ko da firam, ko kuma a buga tambarin a jikin kofi ko riga ko makalin mukulli. Nace takarda da firam. Fam 30 na biya, ko minti biyar ba'a yi ba ya miko min a nade da rasit. A lokacin saurin ya burge ni, sai daga baya na gane saurin nan shine alamar farko, don ba bincike aka yi min ba, rubutu ne da ke ajiye, duk wani Walker da ya shigo daga ko'ina a duniya shi za'a miko masa.

Wajen kyau kam ba zan zalunce su ba. Takardar mai kauri ce, launin ruwan madara kamar ta tsufa, tawadar ta zauna sosai bata goge a hannu, rubutun saman irin na zamanin da ne mai lankwasa, tambarin kuma ya fito radau da kwalkwalin yaki a sama da wasu ganyaye a gefe. Firam din ne dai mara nauyi kuma gabansa roba ce ba gilashi ba, bayansa kwali, amma a bango ba mai ganewa.

Abu na farko da takardar ta fada daidai ne, kuma shi kadai ya kusa biyan kudin a wajena don ban sani ba. Ni duk zamana na dauka Walker yana nufin mai tafiya a kafa ne kawai. Ashe sunan sana'a ne, ya fito daga tsohuwar kalmar Turanci wealcere, wato mai tattaka yadin ulu bayan an sako shi. Takardar ta fadi wannan a layi biyu ta wuce, alhali nan ne duk dadin labarin yake, don haka bari ni in tsaya a kai.

Idan masaki ya gama saka ulu, yadin da ke fitowa daga masaka sakwa-sakwa yake, kana iya hango haske ta cikinsa, ga maikon tumaki ga man da aka shafa ma zaren don ya yi santsi wajen kadi. Ba mai iya dinka rigar sanyi da shi a haka. Sai a kai ma wadannan mutanen, su zuba shi a wani babban kwami da ruwa da wata irin yumbu mai tsotse maiko, da kuma kwanannen fitsari, eh fitsari, saboda in ya kwana biyu yana fitar da sinadarin amoniya mai narkar da maiko, su kuma su shiga ba takalmi su yi ta tattakawa awa da awanni har gashin ya cude da juna yadin ya tsuke ya yi kauri ya zama iska bata ratsa shi. Bayan nan a dauraye a shimfida a kan wasu dogayen katakai masu kugiyoyi a ja shi ya bushe a mike. Ka duba wannan aiki cikin sanyin arewacin Ingila, kafa a cikin ruwa tun safe, ga wari ga ciwon gwiwa. Tun wajen 1185 akwai rubutun da ya ambaci injin ruwa da ke wannan aiki a Ingila, wata babbar taya ta katako da kogi ke juyawa tana daga manyan gudumomi suna kirba yadin kamar ana daka, a hankali injin ya karbe aikin daga kafafun mutane amma sunan ya riga ya zauna a kan 'ya'ya da jikoki. Kuma ba karamar sana'a bace a tattalin arzikin kasar, ulu ne ya rike Ingila daruruwan shekaru, har gobe shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan wani katon matashi da aka cusa ma gashin tumaki yake zama don tuna wannan.

Toh daga nan ne takardar ta fara sakin hanya. Sakin layi na biyu cewa yayi wai an fara samun dangin Walker a Yorkshire inda suke da gidan sarauta tun zamanin da, wai wasu ma na cewa tun kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaki a 1066. Wallahi ko a shagon da na karanta wannan sai da naji wani iri, yaya mai tattaka ulu a cikin fitsari a layin sama zai koma mai gidan sarauta a layin kasa, amma nace kila akwai abinda ban sani ba. Babu. Kafin 1066 Turawan Ingila basu da sunan dangi da ake gado, mutum sunansa daya ne sai dai a kara masa lakabi wanda in ya mutu ya tafi da abinsa. Manyan Normawa masu filaye ne suka fara rike suna suna mika ma 'ya'yansu, ana ganin wasu a littafin Domesday na 1086, wato kundin kididdigar filayen Ingila da masu su, talakawa kuwa sai a karni na 13 da na 14 abin ya game su, kudu ta riga arewa, wajen 1400 ne yawancin gidaje a Ingila suka samu sunan da ya tsaya, Wales ma ta dade bayan haka tana kiran mutum da sunan ubansa kawai. Tsofaffin rubutun da ke dauke da wannan sunan na tsakiyar karni na 13 ne kuma le Walkere ake rubutawa, wato wane mai tattaka, kaga kenan a lokacin ma bayanin sana'ar mutum ne ba sunan gida ba.

Sannan maganar dangi daya ita ce babbar matsalar. Duk kauyen da ake sakar ulu akwai mai tattaka, kamar yadda duk gari akwai makeri shi yasa Smith ya fi kowane suna yawa, akwai madinki aka samu Taylor, akwai mai gasa burodi aka samu Baker. Walker din wannan kwarin da na wancan kwarin basu hada komai ba sai sana'a. Masu binciken kwayar halitta a jami'ar Leicester, Turi King da Mark Jobling, sun gwada maza masu suna iri daya sun fitar da sakamako a 2009, abinda suka gano shine sunan da ba shi da yawa masu shi sukan hada kaka daya, amma suna irin Smith da ya cika ko'ina babu wata alaka ta jini tsakaninsu fiye da ta sauran jama'a. Walker a sahun masu yawa yake. Kuma ma ba duka ne daga sana'ar ba, akwai unguwa a Newcastle sunanta Walker, ita asalin nata daban, hadin kalmar bango ne da wata kalmar mutanen Viking, mayakan ruwa na arewacin Turai, mai nufin fadama, wato fadamar da ke kusa da katangar Rumawa ta Hadrian, wasu daga nan suka samo nasu sunan. Balle kuma bakaken fata na Amurka da tsibiran Karibiyan da suka gaji sunan ta hanyar bauta, ko matan da suka dauka ta aure kamar Madam C. J. Walker, 'yar kasuwar man gashi da ta shahara a Amurka, wadda sunanta na yanka Sarah Breedlove ta dauki sunan mijinta. Duk wadannan in suka shiga shagon takarda daya za'a basu ace ga gidan kakanninku a Yorkshire. Wannan ya min ciwo gaskiya, saboda mutum ya zo ne yana neman sanin daga ina ya fito.

Tambarin kuwa, wanda shine rabin takardar kuma shine ke jawo mutane cikin shagon, shi ya fi komai rashin tushe. A dokar Ingila babu wani abu wai shi tambarin suna. Hukumar da ke kula da wannan, College of Arms da ke Landan wadda sarki Richard na uku ya ba takardar kafuwa a 1484, ta fada karara cewa tambari na mutum daya ne da aka ba shi, sai 'ya'yansa da jikokinsa ta wajen uba su gada, ba na duk mai irin sunansa bane. A Sikotilan ma abin ya fi tsanani, akwai kotun Lord Lyon da ke iya hukunta wanda ya yi amfani da tambarin da ba nasa ba. Wato abinda suka yi shine sun dauko tambarin wani Walker guda da ya samu dukiya ko mukami a wani zamani aka bashi, suka manna ma kowa. Kamar a dauko hatimin wani mai sarauta a mika maka ne don kawai sunanku daya. Na sake duba takardar sama da kasa ko akwai inda suka yi bayanin haka, sai can kasa da kananan haruffa da sai ka kanne ido, an rubuta wai tambarin yana da alaka da sunan. Yaron kantin ma bai ce min komai ba, ban kuma zarge shi ba don ina jin shi ma abinda aka koya masa kenan.



Duk wannan ban san shi ba ranar da na kai kyautar. Da yamma muka shiga da yara da dan kek, ya bude ledar a hankali kamar yadda yake komai, ya dauko tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya karanta tun daga sama har kasa bai ce uffan ba, yara har sun fara kallona. Da ya gama sai ya dora yatsa a kan layin farkon nan na tattaka ulu yace wannan mu ne. Sai ya sauko da yatsan kan gidan sarauta da garkuwar ya girgiza kai yace wannan kuma ban san su ba. Ya fada min shi a wajen Huddersfield aka haife shi, mahaifiyarsa aikinta a masaka shine zama gaban yadi da allura tana gyara inda zare ya tsinke ko ya kulle, har idonta ya raunana, mahaifinsa kuma a bangaren rini yake, yace har ya rasu bai taba ganin farcensa fari ba. Yana fada idonsa ya kawo ruwa. Yayi godiya sosai, ya rataye firam din a falo kuma har yanzu yana nan, amma ni na fito gidan da nauyi a kirji, saboda mutumin da ke alfahari da hannun ubansa mai launin rini na kai masa garkuwar wani bako nace ta gidansu ce.

Shi ya sa ranar Asabar nace Baba shirya muje laburare. Anan ne na ga bambanci tsakanin abin kasuwa da abin ilimi. Matar da ke wajen ta bude mana kamus din sunayen dangi na Oxford a kwamfuta, The Oxford Dictionary of Family Names in Britain and Ireland, wanda ya fito a 2016, aikin Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure ne da tawagarsu a wata jami'a da ke Bristol, mujalladi hudu, sunaye sama da 45,000. Na takarda fam 400 aka sa masa da ya fito, amma dakunan karatu da yawa na gwamnati suna bude maka shi kyauta da katin laburare. Kowane suna zaka ga yawan masu shi a kidayar 1881 da kuma na 2011, da yankin da suka fi taruwa, da asalin kalmar, sai jerin mutanen farko da aka samu da sunan da shekara da takardar da aka gansu a ciki. Ba garkuwa ba kwalkwali, rubutu ne zalla, amma duk abinda suka fada sun nuna inda suka samo.

A nan muka ga abinda ya fi burge ni a duk lamarin, wanda takardar shagon ko ambatonsa bata yi ba. Ashe sana'ar nan guda daya sunaye uku ta haifa, ya danganta da yankin da kake. A arewa da tsakiyar Ingila Walker ake cewa, a kudu maso gabas da gabas Fuller, a kudu maso yamma wajen Devon da Somerset da Cornwall kuma Tucker. Aiki daya, kwami daya, wari daya, amma karin harshe ya raba su, kuma bayan shekara dari bakwai har yanzu in aka zana taswirar inda sunayen suka fi yawa zaka ga rabon yana nan bai goge ba duk da jirgin kasa da mota da kaura. A Exeter akwai wani tsohon gini Tuckers Hall tun 1471, na kungiyar masaka da masu tattaka da masu aske yadi. Baba yace yayi aiki shekara da shekaru da wani Tucker dan Devon suna tsokanar juna kan karin magana, basu taba sanin kakanninsu sana'a daya suka yi ba. Kuma in ka bi zaren ulun nan sunaye ne rututu a jikinsa, Shepherd makiyayin tumaki, Webb da Webster da Weaver masaka, Dyer marini wanda a arewa ake ce ma Lister, Sherman mai aske gashin da ya taso a kan yadi da katon almakashi. Kusan kana iya jera duk matakan sana'ar da sunayen mutanen da ke layinku.

Maganar yawa ma takardar cewa kawai tayi sunan ya yadu a duniya, shikenan, ba adadi ba komai. Alhali abu ne mai saukin samu. A Ingila Walker na cikin sunaye ashirin da suka fi yawa, kuma ya fi kauri a Yorkshire da makwabtanta, a Sikotilan ma yana da yawa, can har kalmar ta rayu a tsibiran yamma inda a da mata ke zama a zagaye da tebur suna bugun yadi da hannu suna waka. A Amurka kidayar 2010 ta nuna mutum sama da rabin miliyan, shine na 31 a jerin. Masu kallon kwallo sun san Kyle Walker dan Sheffield da ya buga ma Tottenham da Manchester City, duk wanda ya taba shiga kanti a Birtaniya kuma ya ga soyayyen dankalin Walkers na leda, wanda kamfanin wani mahauci a Leicester ya fara yi a 1948. Har tsohon shugaban Amurka George Herbert Walker Bush a tsakiyar sunansa yake, ta wajen uwa ya samo. Takardar ta kawo nata jerin shahararru amma duk masu mukamin soja ne da malaman coci na daruruwan shekaru baya da wasu da suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka, an jera su kamar 'yan gida daya ne.

Wani abin da matar laburaren ta nuna mana wanda ya kamata duk mai son wannan harka ya sani, ma'anar suna daban, tarihin gidanku daban. Kamus zai gaya maka na farko, na biyun sai ka bi takardu daya bayan daya daga kanka ka yi baya. A Ingila da Wales gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ranar 1 ga Yuli 1837, kafin nan sai littattafan coci da aka umarci a fara ajiyewa a 1538 zamanin Thomas Cromwell, babban wazirin sarki na lokacin. Kidayar da ta fara rubuta sunan kowa ita ce ta 1841, daga nan duk shekara goma, ta 1921 an bude ta a 2022, ta 1931 gobara ta cinye a 1942, a 1941 kuma ba'a yi ba saboda yaki. Can baya sosai akwai takardun harajin da aka dora ma kowane baligi a 1377 da 1379 da 1381, sune ma'adanar sunayen talakawa, harajin karshen nan shine ya tada boren manoma da Wat Tyler ya jagoranta, shi ma sunansa na sana'a ne, mai rufin daki da tayil. Muka zauna kusan awa biyu a kan FreeBMD, wani shafin intanet mai jerin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da kidayar 1881 wadanda duka ba'a biyan ko sisi, da sunan kakansa da garin da yake tunawa, akwai Walker da yawa a yankin har kai ya dau zafi, amma da muka hada da sunan kakarsa kafin aure sai muka fada kan gida daya da ya dace, uba da uwa da yara shida, a gaban sunan uban an rubuta ma'aikacin masakar ulu, babbar 'yarsu mai shekara 13 ita ma an rubuta tana aiki a masaka. Baba ya dade yana kallon layin yarinyar nan. Ya sa aka buga masa shafin, kudin bugawar ko fam daya bai kai ba, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Toh in aka tambaye ni shagon fa, a saya ko kar a saya? In ado kake so na bango kuma ka san ado ne, kayan su da kyau, ma'aikacin da mutunci, ba bata lokaci, ma'anar sunan ma a nawa dai sun fada daidai. Amma in zaka ba wani ne da sunan ga asalinku, musamman dattijo da ya san iyayensa da kakanninsa, ni ban baka shawara ba, don kashi biyu cikin uku na rubutun ba nasa bane kuma tambarin na wani ne. Tauraro biyu cikin biyar na basu, daya na takarda da tawada daya na layin farkon nan. Da zasu cire maganar gidan sarauta su sa labarin kwami da yumbu da Fuller da Tucker, su kuma rubuta da manyan haruffa cewa tambarin na wane ne aka bashi a shekara kaza, da na kara musu biyu ko a kan farashin nan, don na tabbata mutane zasu saya a hakan ma.

Wanda zai shiga irin shagon, kafin ka biya kace a nuna maka rubutun duka a kwamfuta ka karanta, ka tambaya tambarin wa aka ba kuma yaushe, in sunan irin su Smith ne ko Taylor ko Brown ko Wilson kuma kaga an rubuta dangin sun fito daga gari kaza to ka san inda aka dosa. Shafin kidayar nan da aka buga ma Baba na sai masa firam mai gilashi na gaske, ya rataye shi a kasan wancan. Yanzu abinda ya rage yace in yanayi yayi dumi in kai shi Helmshore a Lancashire, akwai tsohuwar masakar tattaka ulu ta 1789 da aka mayar gidan tarihi da tayar ruwanta da gudumominta, yana son ya gansu da idonsa, na kuma ce masa in sha Allahu da yara zamu je.